Rabin Kiɗan Kawu a Gaban Alƙali

Shekaru sun yi nisa, kuma ban rubuta kome ba a lokacin da abin ya faru, saboda haka mai yiwuwa ne wasu abubuwa sun cakuɗe mini. Akwai ranakun da na tabbata da su, akwai waɗanda nake zaton na haɗa biyu sun zama ɗaya. Inda nake shakka zan faɗa. Sunaye kuwa da gangan na bar su, don jikokin mutanen suna nan da rai, wasunsu ma sun zauna a ajina.

Kawuna, wan mahaifiyata, makaɗin tauri ne a wani ƙauye kusa da Gazawa. Ƴan tauri mutane ne da suka sha maganin ƙarfe. In an yi musu kiɗansu sai su tsimu, jiki ya ɗauki rawa, su zare wuƙaƙe suna gwadawa a wuya da ciki. Ni ba zan ce maganin gaskiya ne ko ƙarya ba. Na yi lakol, wato makarantar boko, na kuma ga abin da na gani. Abin da na sani shi ne kiɗan Kawu kashi biyu ne, na farko yana ce masa tashi, na biyu sauka. Tashi shi ne mai zafi, inda yake kiran taken kowane namiji da na ubansa. Sauka a hankali yake, yana jan sa har numfashin mutane ya dawo, wuƙaƙe su koma kube. Bai taɓa yin tashi ya bar shi babu sauka ba, ko hadari ya taso, ko an kira salla. A gidanmu kowa ya san bugun sauka, don da shi mata suke bubbuga bayan jariri in yana rigima. Kiɗan da waƙar duka shi ya tsara su da kansa. Na mahaifinsa daban ne, tsofaffi sun shaida haka.

A kakar da ta gabaci samun ƴancin kai na gama makarantar horon malamai, aka ba ni aji a Agiye. Na je gida gaisuwa, sai na tarar da wani Nasara ya sauka a rumfar awon gyaɗa ta Gazawa da wata na'ura mai ɗaukar murya. Wani babban kamfani ne ya aiko shi, irin masu sayen gyaɗa suna sayar da atamfa da sabulu da kananzir. An gaya masa labarin Kawu, ya sa aka kira shi. Da aka nemi tafinta, mutane suka tura ni gaba suna cewa ga Mushe nan, ɗan gida ne, don haka ake kiran malamin lakol a wajenmu.

Nasaran ya sa aka kori kowa nesa, aka rufe rumfar da tabarmi. Ya ce in gaya wa Kawu in ya ɗaga hannu a tsaya. Kawu ya fara tashi, ya yi nisa cikinsa, sai hannu ya ɗaga. Kawu bai tsaya ba. Ni ne na taɓa kafaɗarsa na ce ya tsaya, abin ya cika. Ya dube ni, ya rataya gangarsa, ya fita bayan rumfa inda babu kowa sai jakuna, ya yi saukarsa har ƙarshe shi kaɗai. Nasaran ya yi dariya ya tambaye ni me yake yi. In ban manta ba na ce masa al'ada ce kawai.

Daga nan aka kawo takarda, shafi biyu, ƙananan baƙaƙe. Layukan farko na gane su. Sauran Faransancin shari'a ne da ba a koya mana ba. Mutane sun dawo sun kewaye ni, ina sanye da wando da takalmi, ana jiran a ji abin da ɗan lakol zai ce. Na ce takardar tana cewa za su ajiye muryar ne don tarihi. Kawu ya dangwala yatsa, ni kuma na sa hannu a ƙasa a matsayin tafinta. Aka ba shi riga da goro. Wannan ranar ban manta kome nata ba, ko da na so.

Ranin farko bayan ƴancin kai, ranar kasuwar Agiye, na sallami yara da rana na shiga sayen nama. Wata motar kamfanin tana tsaye a bakin kasuwa, an ɗaura mata babban ƙaho na ƙarfe a sama, ana tallar sabulu. Sai na ji muryar Kawu ta fito daga ƙahon, da ƙarfin da bai taɓa yi ba a ransa. Dole in faɗi gaskiya, abin da na fara ji alfahari ne. Har na juya zan gaya wa na kusa da ni cewa kawuna ne.

Ban kai ga faɗa ba na ji farantai suna zubewa a rumfar mahauta. Wani mahauci ya tsallake teburinsa da wuƙa a hannu, idonsa ya juye, yana gurza ta a damtse. Wani ya taso daga wajen masu hatsi, wani daga wajen dabbobi. Mata suka watse da ƙoren nono a ka, aka tattake wata har haƙarƙarinta ya karye. Ni na maƙale a jikin wata rumfa.

Akwai wani tsoho mai sayar da igiya, wanda ya bar tauri da daɗewa, ya koma salla da tazbi. Takensa shi ne na uku a waƙar. Na ga lokacin da ya ji shi. Ya ajiye tazbin a kan igiyoyinsa, ya miƙe kamar saurayi, ya ɗauki wuƙa daga teburin da aka bari, ya ɗage riga ya ja ta a ciki. Wasu sun ce jan farko bai kama ba. Ni daga inda nake ban iya tabbatarwa ba.

Sai faifan garmahon da ake bugawa a motar ya ƙare, tsit, a daidai inda na taɓa kafaɗar Kawu. Mazan nan suka tsaya suna waige-waige da wuƙaƙe a sama, suna haki, suna jiran sauka. Direban ya ga kasuwa duka ta taru wajen motarsa, ya ɗauka ciniki ne ya zo. Ya murza garmahonsa ya mayar da allura farko. Sau uku aka yi tashi a kan tashi. A na biyun tsohon ya sake jan wuƙar, wannan karon ta shiga, ya zauna a ƙasa yana riƙe da cikinsa da hannu biyu, abin ciki yana fitowa tsakanin yatsunsa. A na ukun mazan suka daina gwada ƙarfe a jikinsu suka koma jikin juna. Wani ya fasa madubin motar da gatari, direban ya tuƙa a guje, ya banke jaki ya wuce. Jandarma suka iso da bulala da gindin bindiga, suka bugi wanda ya tsimu da wanda bai tsimu ba. Tsohon ya cika washegari a gidan likita.

Bayan sadakar uku, ƴaƴansa maza suka je gidan Kawu da rana tsaka. Ba na nan, mahaifiyata ce ta ba ni labari, kuma ba ta ƙara gishiri a zance. Sun ce kowa ya ji muryarsa, ya sayar da taken ubansu don tallar sabulu. Kawu bai yi musu gardama ba. Suka farke gangar da wuƙa, suka karya makaɗin. Babban cikinsu ya ce:

"Wane hannu ne ya kira babanmu?"

Kawu ya ɗora hannun damansa a bakin turmi. Suka sauke masa taɓarya sau biyu. Mahaifiyata ta ce ba ta ji ya yi ƙara ba, amma ta ji ƙarar ƙashin daga ɗakinta.

Da na je duba shi, maɗori ya ɗaure hannun da karare, yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Na yi zaton zai kai yaran ƙara. Ya ce yaran ba su yi kome ba, shi ma da ubansa ne haka zai yi. Motar yake so a tsayar. An ce ta yi yamma tana bin kasuwanni, kuma a ƙasar Gidan Rumji ƴan tauri sun fi na wajenmu yawa da zafi, da yawansu yana da takensu a cikin waƙar. Ya riga ya aika wa hakimi, hakimi ya ce kamfani ba talakansa ba ne. An je buron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankin, an ce wannan maganar babbar kotun birni ce, kuma sai da lauya. Lauya kuwa a lokacin sai babban birnin ƙasa, ban san wani daga cikinmu da ya taɓa ganin ɗaya da idonsa ba.

Na shiga yi masa bayani cewa abin da wuya, kamfanin babba ne, akwai takarda, ni kuma sabon ma'aikaci ne, wataƙila ya fi kyau a ɗan jira. Ya bar ni na gama. Ya ce, Mushe, ai ba baki na ce ka ara mini ba, bakinka ya riga ya yi mini magana sau ɗaya, na ga amfaninsa. Alƙalami yake so. In rubuta abin da zai faɗa, kada in gyara.

Na rubuta. Bai nemi diyya ba, ko da na ba shi shawarar ya nema. Abu biyu ya ce: kiɗan nasa ne, kuma a hana buga rabinsa. Kafin a kira mu aka yi mako shida ko bakwai, a cikinsu labari ya zo cewa an buga faifan a wata kasuwar ƙauye kusa da Gidan Rumji, an sare wa wani mutum kunne da gefen fuska. Kawu ya ji sunan mutumin, ya ce takensa shi ne na biyar. Ranar bai ci abinci ba.

Ranar shari'a muka shiga birni da hantsi a bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Alƙalin Nasara ne, cikin waɗanda suka rage bayan ƴancin kai, da dattawa biyu na ƙasa a gefensa. Zauren ya cika, tagogi a buɗe saboda zafi, filin waje ma cike. Na hango ƴaƴan tsohon a jikin taga. Akwai kuma wasu ƙarti da aka ce daga Gidan Rumji suka zo, dangin mai kunnen. A ƙofa an karɓe sanduna, amma ba a laluba kowa ba.

Lauyan kamfani ya zo da baƙar riga har ƙasa, da ma'aikaci mai riƙe masa jaka da garmaho. Kawu ya tsaya shi kaɗai, sanye da rigar nan da suka ba shi, hannu a rataye da tsumma. Alƙali ya tambaye shi ina mai tsaya masa, ya ce ƙafafunsa lafiya lau suke, hannu ne ya karye. Tafintan kotu ya juya maganar, ɗaya daga cikin dattawan ya rufe baki da hannun riga.

Lauyan ya daɗe yana magana. Taƙaitawarta ita ce irin wannan kiɗa na kaka da kakanni ne, ba shi da mai shi, kowa yana iya ɗauka. In ma yana da mai shi, to ga takarda, ya bar wa kamfani har abada. Ya karanta sunana a ƙasan takardar. Aka kira ni. Alƙali ya tambaye ni ko na karanta wa mai ƙara abin da ke ciki. Na ce na karanta. Ya ce duka? Na tsaya ina neman hanyar da zan bi in fita da mutuncina, ban samu ba. Na ce ban gane rabinta ba, kunya ta hana ni faɗa. Lauyan ya ce, a cikin Faransancin da na gane sarai, to wannan shi ne malamin da sabuwar ƙasa ta ba ƴaƴanta. Aka yi dariya a bencin gaba.

Sai Kawu ya nemi izinin tambaya. Ya ce in kiɗan na kamfani ne, ko na kowa ne, to mai baƙar riga ya faɗa wa kotu abin da ke biye da inda faifan ya tsaya. Wanda ya mallaki abu ai ya san ƙarshensa. Lauyan ya ce faifan cikakke ne. Alƙali ya ce abu mai sauƙi, a buga a ji.

Na ga fuskar Kawu ta canja. Ya ce a rufa masa asiri kada a buga, ko kuwa a kori mutane a rufe tagogi tukuna. Dattawan biyu suka sunkuya suka yi wa alƙali magana, ina jin sun goyi bayansa. Alƙalin ya ce nan kotu ce ba kasuwa ba, kuma babu ƙaho. Daga baya Kawu ya sha faɗa cewa tambayarsa ce ta jawo, da ya yi shiru.

Ma'aikacin ya murza garmaho. Muryar ta fito ƴar ƙarama, amma zauren ya yi tsit, ta kai waje. Wanda ya fara ba daga waje yake ba. Gardin da ke tsaron ƙofa ne, wani dogo mai tsagen Gobirawa, babu wanda ya san ya sha magani. Hularsa ta faɗi, ya shiga karkarwa, ya zaro wuƙa daga ƙarƙashin ɗamararsa yana sara a ƙirji. Da ƙofa ta zama babu mai tsaro, mutanen Gidan Rumji suka danno, wasu ta taga. Benci ya kife a kan mutane. Wani ya yi kan ma'aikacin lauya, ya tsaga masa hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu, garmahon ya faɗi, faifan ya tarwatse. Lauyan ya shige ƙarƙashin tebur. Wani abu ya same ni a goshi, har yau ban san ko mene ne ba, jini ya rufe mini ido ɗaya. Na ji alƙali yana kiran jandarma, na ji kuma ana ɗana bindigogi a waje.

Kawu ya ratso ya kamo rigata da hagunsa, ya ja ni zuwa teburin magatakarda, ya share takardun da ke kai da gwiwar hannu. Ya ce:

"Ɗan ƙanwata, ara mini damanka. Bugun da uwarka take yi maka a baya. Kada ka yi sauri."

Na fara buga teburin da tafin hannu. Na ɓata sau biyu, ya taka mini ƙafa. Shi yana cike bugun da hagunsa, yana waƙar sauka da murya, yana kiran mazan ɗaya bayan ɗaya, ba da take ba, da sunan da uwayensu suka sa musu. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Gardin ne ya fara zama a ƙasa yana kuka. Sauran suka bi a hankali. Ɗaya bai sauka ba, wani saurayi da Kawu bai sani ba, ba shi da sunan da zai kira shi da shi. Jandarma suka tarar masa da gindin bindiga a bakin ƙofa har ya daina motsi. An ce ya rayu, amma ban ƙara ganinsa ba, kuma ban tabbata ba.

Ba a ci gaba da zama ba ranar. An tsare Kawu kwana biyu, wai a bincika ko shi ya shirya abin, sannan aka sake shi. Bayan mako guda aka karanta hukunci. Alƙali ya hana buga faifan a kasuwa ko wurin taro a duk ƙasar da ke ƙarƙashin kotunsa, ya ce a miƙa wa mai ƙara duk fayafayan da ke cikin motar da kantin kamfani. Maganar ko kiɗan nasa ne kuwa, ya ce ta fi ƙarfinsa, ya tura ta babbar kotun ƙasa. Na rubuta musu sau da yawa a madadin Kawu. Ba a taɓa kiran mu ba.

Aka kawo fayafayan a cikin akwatin sabulu. Kawu ya aika aka kira ƴaƴan tsohon, ya ajiye akwatin kusa da turmin nan, ya miƙa wa babbansu taɓarya. Suka daka su har suka zama gari, aka zuba a tsohuwar rijiya. Da babban zai tafi, ya durƙusa ya gaishe shi.

Da suka fita Kawu ya tambaye ni ko shi ke nan, babu saura. A lokacin na riga na san cewa akwai uwar faifan a ƙasar waje, wadda ake buga wasu da ita, kuma hukuncin bai tsallaka iyaka ba. Na ce ina zaton babu saura. Ya daɗe yana kallona, ya ce, to, Mushe, Allah ya sa wannan karon ka karanta duka. Hannun bai miƙe ba, yatsu uku suka ƙage. Bai sake ɗaura ganga ba har ya rasu, kuma ban koma na gyara masa amsar ba.

Wannan shi ne abin da na riƙe. Waɗanda suke kasuwar Agiye ranar, ko zauren kotun, ko suka ji daga bakin iyayensu, in sun ga na yi kuskure a jerin abubuwa ko na ɗora wa wani abin da bai yi ba, ina roƙo su aiko mini da gyara, zan karɓa. Ina son in san abin da ya sami saurayin nan na bakin ƙofa. Wanda kuma ya ci karo da ɗaya daga cikin fayafayan a tsohon kanti ko cikin kayan gado, a wannan gefen iyaka ko wancan, ya sanar da ni, amma don Allah kada ya buga.